Kilt Ba Kayan Mata Ba Ne

Da yawa in sun ga hoton namiji a Sikotland sanye da kilt, wato tufar da ake ɗaurawa a ƙugu ta sauka zuwa gwiwa, sai su ce siket ne, matarsa da danginsa ma kunya suke ji. Sam ba haka ba ne. A can tufafin maza ne na alfarma. Ango kan sa shi ranar aure, mahaifinsa da 'yan'uwansa su taya shi, sau da yawa da zanen da ake danganta wa zuri'arsu, amarya kuma tana murna. Bayan tawayen mutanen tsaunukan Sikotland, gwamnatin Birtaniya ta haramta shi a 1746, ba a ɗage dokar ba sai 1782. Sojojin Sikotland sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da shi, Sarki Charles na Birtaniya ma yana sawa a Balmoral, gidan sarauta da ke Sikotland.