Waiwaye: Me fasinjan jirgin ƙasan Legas zuwa Kano yake ci a hanya?

Duk sanda aka tayar da maganar jirgin ƙasa a Najeriya abin da za ka ji ana ja-in-ja a kai bai wuce bashin China ba, da kuɗin tikiti, da masu cuwa-cuwar tikitin, da tsaro, amma da wuya ka ji wani ya yi zancen cikin fasinja. Alhali tsohon layin Legas zuwa Kano kilomita 1,126 ne, mutum ya wuni a ciki ya kwana ya sake wuni, ga mata da goyo, ga tsofaffi masu ciwon suga da ba sa jure yunwa, to dole dai a ci wani abu. Kuma idan ka bi tarihin abin tun daga farko za ka ga cewa ba hukumar jirgin ce ta ciyar da yawancin fasinjojin nan ba, matan tasha ne da guzurin gida.

Layin da ya taso daga Legas ya isa Ibadan a 1901, wanda ya taso daga Baro ya shiga Kano a 1911, a 1912 aka haɗe su a Minna. Ko a lokacin ma babu gada a Jebba, da jirgin ruwa ake tsallakar da taragai kogin Kwara sai bayan wasu shekaru aka gama gadar. Turawa ba don fasinja suka shimfiɗa dogon nan ba, gyaɗa da auduga da fatu suke so su kai bakin teku, fasinja ƙari ne kawai, shi ma an kasa shi gida uku. Fes kilas kusan duk na Turawa ne, jami'an mulki da ma'aikatan kamfanoni waɗanda suka sauka daga jirgin ruwan Ingila za su wuce Kaduna ko Zariya ko Kano, su ne ake haɗa wa taragon cin abinci, da tebur da farin ƙyalle da kuku da boyi, abincin kuma irin na can gida ne, da yawa ma na gwangwani da aka yo odarsa. Ɗan ƙasa yana can baya a aji na uku kan bencin katako, babu wanda ya yi lissafin me zai ci.

Abin da ya cece shi shi ne yadda jirgin kansa yake aiki. Kan jirgi na wancan zamanin da gawayin kwal da ruwa yake tafiya, sai ya riƙa tsayawa yana shan ruwa, sannan layin guda ɗaya ne tal, jirgin da ya taso daga Kudu da wanda ya taso daga Arewa ba su iya wuce juna sai a tasha, ɗaya ya raɓe ya jira ɗaya. Wannan jiran shi ya haifi kasuwar tasha. Jirgi na tsayawa sai ka ga an yi masa caa ta tagogi, faranti a kai, ana miƙo kaya ana miƙa kuɗi, wani lokacin har jirgin ya fara motsi mai talla na bin sa da gudu don karɓar canji ko kwanonta. Kuma a nan ne ainihin bambancin abinci yake, domin kayan tallan suna sauyawa da ƙasar da ake ratsawa. Daga Abeokuta zuwa Ibadan da Osogbo amala ce da alale a ganye da agidi da lemon zaƙi da ayaba, Offa ga dankalinta da burodi, Ilorin ga wara, Jebba kifi soyayye da busasshe, ƙasar Nufawa da Gwarawa wajen Mokwa da Zungeru da Minna ga ƙuli-ƙuli da doya, daga Kaduna zuwa Zariya kuma an shigo gida, fura da nono, rake, ƙosai, tsire, dafaffen ƙwai. Babu wani taragon abinci a duniya da zai iya ɗauko wannan duka a kicin ɗinsa.

Mutanenmu kuwa, fataken goro da masu kai shanu da masu zuwa Sabon Ibadan ko Agege wajen 'yan'uwa, ba su taɓa dogara da kowa ba ma, guzuri suke yi. Dambun nama, kilishi, soyayyar kaza da aka soya ta bushe ƙarau, garin kwaki da ƙuli da suga, gurasa, dabino, buta cike da ruwa. Duk abin da ke jerin nan an zaɓe shi ne saboda ba ya lalacewa a zafi, hikimar matafiya ce tun zamanin ayari. Akwai kuma dalilin addini da bai kamata a tsallake ba, Musulmi yana so ya san wa ya yanka naman da ke cikin miya, kuma ko bayan da aka buɗe taragon abinci ga kowa galibi gefensa ne ake sayar da giya, to malami ko matar aure ba za su keta taragai biyar su je su zauna a wurin ba ko da kuɗin na aljihunsu.

A 1955 aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, wato NRC, aka fara shigo da injinan dizal, bayan 'yancin kai kuma ma'aikatan gwamnati da ɗalibai da sojoji 'yan ƙasa suka cike kujerun da Turawa suka bari. Girkin ya juyo gida, shinkafa da miya, dafa-duka, teba, shayi da burodi da ƙwai da safe. Wannan shi ne zamanin da dattawa ke yabo in ana hira, kuma suna da hujja, a 1964, shekarar da layi ya isa Maiduguri, fasinjojin da jirgin ƙasa ya ɗauka sun haura miliyan 11. Daga nan sai gangara. Yaƙin basasa ya datse layin Gabas, kuɗin fetur ya sa gwamnati ta karkata ga tituna, manyan motoci da bas-bas suka kwashe kaya da mutane. An ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, an ɗan ga sauƙi, suna tafiya aka koma gidan jiya. Zuwa 2003 fasinjoji ba su kai miliyan 2 ba.

Abinci yana cikin abubuwan da suka fara mutuwa, kuma ba sai an yi dogon bincike ba a gane dalili. Ɗan kwangilar da ke dafa abinci a jirgi lissafinsa a kan lokaci yake, ya san mutum nawa ne, awa nawa za a yi, sai ya sayi nama da kayan miya daidai da haka. To idan tafiyar awa talatin ta koma kwana uku saboda kan jirgi ya lalace a daji, janareto ya mutu firji ya huce, ruwan tanki ya ƙare, me zai yi? Ko dai ya sayar da abin da ya fara juyawa, ko ya tsuke ya koma shinkafa da miya kullum ya ninka kuɗin tunda ya san babu inda za ka. Su ma matan tasha abin ya taɓa su sosai, garuruwa irin su Zungeru da Offa da Kafanchan da jirgi ya raya suka yi sanyi, masu tallan suka koma bakin titi da tashar mota.

A watan Disamban 2012, zamanin Goodluck Jonathan, aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano bayan gyaran layin, sau ɗaya a mako, ya tashi daga Iddo ranar Juma'a ya juyo daga Kano ranar Litinin, tafiyar ba ta kasa awa talatin. An haɗa masa taragon abinci da mashaya, kuma jama'a sun yi murna ƙwarai saboda tikitin ya fi na mota sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai tsarin cin abincin bai canza daga na kakanni ba, taragon abinci ɗaya ba zai ɗauki mutanen da suka cika jirgi har da na tsaye ba, sai aka koma ga kula da fulas daga gida da leda daga taga, abin da ya ƙaru kawai shi ne fiya wata da Gala da lemon roba. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da shi, ga satar ƙarafan layi ga matsalar tsaro a Neja da Kaduna, ga ambaliyar Mokwa ta 2025 da ta cinye wani sashen layin, har yau dai jirgin bai koma yadda yake ba.

Sababbin layukan kuma wani salo suka zo da shi. Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, Warri zuwa Itakpe a 2020, Legas zuwa Ibadan a 2021, taragai ne masu na'urar sanyi, tagogi a rufe ruf, tasoshi a katange da jami'an tsaro a ƙofa, tsayuwar kuma 'yan mintuna ce. Bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 aka ƙara tsaurara tsaro, kuma babu mai hankalin da zai ce kada a tsaurara. Amma sakamakon shi ne mai fura da mai kifi ba su da hanyar isa ga fasinja kwata-kwata, abin da ya rage a ciki yawanci kayan ƙwalama ne da lemo da ruwa, a farashin da ya fi na waje. Yanzu ba a jin zafin abin saboda daga tashar Idu ta Abuja zuwa tashar Rigasa ta Kaduna awa biyu ne zuwa uku, mutum zai iya daurewa. Amma ana kan aikin Kaduna zuwa Kano, ana kan na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ranar da aka haɗe su daga Abuja zuwa Maraɗi kusan kilomita 670 ne, wannan kam ba tafiyar biskit ba ce, balle a watan azumi a sha ruwa a hanya.

Indiya da muka taɓa ɗauko wa aikin ta sha irin wannan ciwon. Ta kafa kamfanin IRCTC a 1999 don abinci da tikiti, amma duk da haka a 2017 babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya fitar da rahoto cewa ana sayar wa fasinjoji abincin da bai dace ɗan Adam ya ci ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka rage musu matsalar shi ne buɗe ƙofa ga gidajen abincin garuruwan da jirgi ke bi, fasinja ya yi oda ta waya da lambar tikitinsa, jirgi na tsayawa a kawo masa har kujera. Ni a ganina wannan ya fi dacewa da mu a kan a ba mutum ɗaya kwangilar jirgi sukutum, domin tsohuwar kasuwar taga ce aka yi wa rajista. A tantance masu abinci a Zariya da Kano da Katsina, a ba su shaida da rumfa a cikin tasha, jami'an lafiya su riƙa duba ruwansu da kicin ɗinsu, a liƙa farashi kowa ya gani. Kuma tun yanzu da ake zuba ginin tasoshin ya kamata a ware rumfunan, da famfo da wuta da ƙofar da mai kawo abinci zai bi bayan an caje shi, don in aka gama gini aka zagaye da katanga sai an fasa kafin a samar musu wuri.