Waiwaye: wake ya daɗe yana ba masana ciwon kai a kwalba

Kwanan nan ana ta ce-ce-ku-ce kan gyaran ƙwayoyin gado na amfanin gona, wasu na cewa tunda an samu CRISPR, dabarar yanke gado da gyara shi, ai shikenan, gobe za a gyara wake ya daina kamuwa da cuta. Wake nake nufi irin ja da baƙin nan da ake ci a Brazil da Meziko da gabashin Afirka, mai suna Phaseolus vulgaris. To ba a wurin gyaran aka maƙale ba, a wurin mayar da ƙwayar halittar da aka gyara ta zama cikakken tsiro a cikin kwalbar gwaji ne, kuma wannan matsala ta girmi yawancin masu muhawarar.

Farkon labarin kowa ya sani. A 1902 masanin tsirrai Haberlandt ya ce ƙwayar halitta ɗaya ta jikin tsiro za ta iya zama tsiro sukutum, a 1957 Skoog da Miller suka nuna yadda daidaita sinadaran girman tsiro, oksin da saitokinin, ke fito da saiwa ko toho, a 1962 aka haɗa abincin Murashige da Skoog da ake renon tsiro da shi a kwalba. Biyun ƙarshen nan a kan taba aka yi, ita kuwa taba ko yaya ka taɓa ta tsirowa take.

Wake ya ƙi. Ka yanki ganyensa ka ɗora a kwalba, zai yi dunƙulen nama da ake kira kalus, ya kumbura, ya yi ruwan ƙasa, ya mutu ba toho ko ɗaya.

Inda mutane ba su cika waiwaya ba shi ne 1992. A jami'ar Guelph ta Kanada, Malik da Saxena suka bar yanke-yanke, suka ɗauki ƙwayar wake ta shuka yadda take suka tsirar da ita a kan abinci mai yawan BAP ko TDZ, sinadaran da ke sa toho, wannan TDZ ɗin ma asalinsa maganin kaɗe ganyen auduga ne kafin girbi, sai ga toho birjik a gaɓar da ɓarin iri biyu suka haɗu da kara. Murna ta yi daidai, amma a duba da kyau, tohon nan daga wurin da dama yake da idon tsiro ya fito, wato ba a koya wa ƙwayar ganye komawa jaririya ba, an dai zagaye katangar ne. Ni a ganina nan ne akalar ta karkata, domin da aka samu hanyar da ke ba da sakamako cikin makonni, tambayar me ya sa kalus ɗin wake ke ƙin toho ta koma baya, kuma aikin haƙuri irin wannan ba ya jawo kuɗin bincike, balle a kan abincin talaka.

Zagayen kuwa yana da tsada. Idon tsiro ƙwayoyi ne da yawa, in ka shafa sabon gado a jikin ƙurar zinare ka harba musu, wasu su karɓa wasu su ƙi, tsiron ya fito rabi-da-rabi, sau da yawa 'ya'yansa ba su gaji komai ba. Abin da ya yi aiki a wani iri kuma sai ya ƙi a wani. A haka masanan Embrapa, hukumar binciken noma ta Brazil, suka daure har suka samar da wake mai jure cutar da farin ƙuda ke yaɗawa, aka amince da shi a 2011.

An kammala karanta jerin gadon wake tun 2014, an san inda za a gyara, kwalbar ce har yanzu take gardama.