Waiwaye: Yadda furotin ya koma mai gadin kayan asibiti

Robar fitsari da aka sa wa majinyaci ba ta daɗewa da tsaftarta. Cikin 'yan kwanaki bakteriya kan manne mata, su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu, kamar yadda gansakuka ke kama gindin randa. Shi ne masana ke kira bayofim, kuma ƙwayoyin da suka fake a cikinsa kan jure magani ninkin ba ninkin, wani lokaci har sau dubu na abin da zai kashe su da a sake suke.

An daɗe da ganin abin. A 1683 Antonie van Leeuwenhoek, ɗan garin Delft a Holan, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba da madubin ƙara girman abu da ya ƙera da hannunsa, ya ga ƙananan halittu a ciki. Ya kuma lura cewa in ya kurkure baki da ruwan khal, na waje kaɗai ke mutuwa, na ciki suna nan da ransu. Likitoci ba su ɗauki zancen da muhimmanci ba sai bayan 1978, lokacin da Bill Costerton na Jami'ar Calgary a Kanada ya bayyana yadda bakteriya ke mannewa. A 1982 shi da abokan aikinsa suka nuna hoton wayar na'urar daidaita bugun zuciya da aka ciro daga wani majinyaci, bakteriyar Staphylococcus aureus ta yi dandazo a kanta duk da magungunan da aka yi ta ba shi.

Wa ke buɗe musu ƙofa? Furotin ɗin jikin mutum ne da kansa. Tun shekarun 1960 Leo Vroman ya nuna cewa da zarar baƙon abu ya taɓa jini, furotin kan kwanta a kansa nan take. Irin su fibrinojen, furotin ɗin da ke sa jini daskarewa, su ne maƙalar da bakteriya ke kamawa. A 1987 likitan ƙashi Anthony Gristina ya ce tsere ake yi: ko naman jiki ya riga kama ƙarfen da aka dasa, ko bakteriya su riga shi.

Da farko kisa aka sa a gaba, aka riƙa shafa wa kaya azurfa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Bai zo da sauƙi ba. A 2000 aka janye bawul ɗin da ake dasawa a zuciya mai suna Silzone daga kasuwa, domin jini na yoyo ta gefen ɗinkinsa mai azurfa fiye da na bawul ɗin da ba a shafa wa komai ba. Ga kuma fargabar ƙwayoyin su saba da magani.

Daga nan tunani ya juya: tunda dole furotin ya kwanta, a riga shimfiɗa wanda bakteriya ba sa iya riƙewa. An gwada albumin na jini da musin, sinadarin da ke sa majina yauƙi. A Jami'ar Bayreuth ta Jamus, ayarin Thomas Scheibel ya sa bakteriya suna haɗa furotin irin na saƙar gizo-gizo, kuma a 2020 suka ba da rahoton cewa wasu nau'o'insa na hana ƙwayoyin cuta zama amma suna barin ƙwayoyin jikin mutum su girma. A birnin Xi'an na Sin, ayarin Peng Yang kan warware laisozayim, furotin ɗin ƙwai da hawaye wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922, sai ya sake haɗuwa ya zama fata mai kaurin nanomita gommai. Kaurin gashin kai ɗaya kan kai wajen nanomita 80,000.

A ganina, a yi hattara da ɗoki. Yawancin wannan aiki yana ɗakin gwaji ne ko jikin dabbobi. Furotin ba ya son zafin tukunyar gasa kayan tiyata, jiki na da sinadaran da ke narkar da shi, sannan a robar fitsari akwai bakteriyar Proteus mirabilis, wadda ke sa gishirin fitsari ya daskare ya binne duk abin da aka shafa. Shi ya sa har yau ƙa'idar asibiti ita ce kada a sa robar sai dole, kuma a cire ta da zarar buƙata ta ƙare.