Rukunin A, mita da bil ɗin ƙiyasi: abin da ƙa'idar wuta ta tanadar wa mai gida

Katin wuta na naira dubu 10 ba wuta ɗaya yake saye a kowace unguwa ba. A layin wutar da aka sa a rukunin A, wato wanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawan awoyi a rana, inda yawancin kamfanoni suka tsayar da yunit ɗaya a kan N209.50 tun watan Yulin 2024, in aka cire harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, abin da zai shiga mita yunit 44 ne da 'yan kai. Wanda ke tsallaken titi a wani rukunin kuwa, da yake yunit ɗinsa a kan N65 yake misali, da wannan kuɗin zai sami sama da yunit 140. Gari ɗaya, kamfani ɗaya, amma ɗaya yana biyan ninki uku na ɗaya. Wannan ba son ran ma'aikacin da ke zaune a ofis ba ne. Ƙa'ida ce a rubuce, kuma ƙa'idar da ta ba kamfani damar karɓar wannan kuɗi ita ce ta ɗora masa sharuɗɗan da yawancinmu ba mu taɓa tambayarsa a kansu ba.

Har gobe NEPA muke cewa, amma tun Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. KEDCO ke da Kano da Katsina da Jigawa, kamfanin Kaduna ke da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, na Jos ya haɗa Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, na Yola yana riƙe da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, na Abuja kuma ya ɗauki birnin tarayya da Neja da Nasarawa da Kogi. Babu ɗaya cikinsu da ke da ikon yanka farashi da kansa. In ban da jihohin da suka kafa tasu hukumar, NERC ce ke yankawa, wato hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, wadda dokar 2005 ta kafa, dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta sake jaddada ikonta.

A 2020 hukumar ta shigo da tsarin biya gwargwadon awoyin da ake ba ka. Rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Abin da ke rikita mutane shi ne, ba a ƙofar gidanka ake ƙirga awoyin ba. A kan babban layin da ya fito daga tashar rarraba wuta ake ƙirgawa, wanda ma'aikata ke ce wa fida. Duk taransifomar da ke rataye a wannan layi, da duk gidan da ke shan wuta daga gare ta, rukuninsu ɗaya. Shi ya sa za ka ga tela mai keke ɗaya da fanka ɗaya yana biyan farashin da otal ɗin kusa da shi ke biya, don kawai layi ya haɗa su. Shi ya sa kuma takardar kamfani za ta iya nuna layinku ya sami awa 21 alhali ku kun kwana uku a duhu, saboda taransifomarku ce ta lalace, layin kuwa yana da wuta. A nan ƙa'idar ta yi rauni, kuma masu ƙorafi a kai suna da gaskiya.

Ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga kusan N68 zuwa N225. A watan Mayu aka sauko da shi N206.80, a Yuli ya koma N209.50. Sauran rukunan an bar su a inda suke, gwamnati na cike gibin da tallafi. Hujjar da aka bayar ita ce, iskar gas ɗin da yawancin tashoshinmu ke ƙonawa da dala ake lissafinta, naira kuma ta faɗi, tallafin ya fi ƙarfin baitulmali. Hukumar ta ce 'yan rukunin A kusan kashi 15 cikin 100 ne na masu amfani da wuta, amma su ke shan kusan kashi 40 na wutar da ake rarrabawa. A takarda lissafin ya zauna. A aljihun ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa N70,000 ne, wanda bai zaɓi layin da gidan hayarsa ya faɗa ba, magana ce daban.

To amma tsadar da sharaɗi ta zo. Umarnin da ya kawo ƙarin ya ce idan kamfani ya kasa cika awa 20 a wani layi kwana biyu a jere, dole ya wallafa dalili. Idan ya kasa kwana bakwai a jere, za a sauke layin zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu a zahiri. An kuma sha sauke layuka a kan haka. Don haka abu na farko shi ne ka san rukuninka, kuma yawanci yana nan a jikin rasit ɗin katin da ka saya ko a takardar bil. Na biyu, in kuna zargin ana karɓar kuɗin A ana ba ku wutar C, ku sami littafi ku riƙa rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, ku da maƙwabta biyu ko uku, na tsawon wata. Surutun majalisa ba ya sauke layi, rubutu mai kwanan wata ne ake iya ɗorawa a kan tebur.

Hanyar ƙorafin ma a shimfiɗe take. Ana fara rubuta wa sashen sauraron koke na kamfanin, a karɓi shaidar cewa takardar ta shiga. Suna da kwanakin aiki 15 su warware. In ba su yi ba, ko abin da suka yi bai gamsar ba, sai a wuce ofishin sasanci na NERC da ake kira Forum, daga nan kuma sai hukumar kanta. Sai dai tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa tasu hukumar, wasu sun karɓi ragamar, irin su Inugu da Legas da Kogi da Neja da Filato. Mazaunin irin waɗannan jihohi hukumar jiharsa zai nema.

Duk wannan maganar masu mita ce. Wanda ba shi da ita, duniyarsa daban. Shi ake kawo wa bil ɗin ƙiyasi, takardar da ake soke masa a jikin ƙofa ƙarshen wata ko ya sha wuta ko bai sha ba. A Fabrairun 2020 NERC ta sa wa wannan ƙiyasi linzami: ta ƙayyade iyakar yunit ɗin da za a iya rubuta wa marar mita a wata, bisa abin da masu mita na yankinsa suke sha. Iyakar tana sauyawa, ana kuma wallafa ta a shafin hukumar na intanet, kamfani-kamfani. Lissafin ba wuya. Ka nemo iyakar layinku, ka ninka da farashin rukuninku, ka ƙara VAT. Duk abin da ya haura wannan a bil ɗin wata, an wuce gona da iri. Kuma ba ƙaramin wucewa ake yi ba, domin a farkon 2024 hukumar ta ce kamfanonin sun yi wa marasa mita ƙarin da ya haura naira biliyan 105 cikin watanni tara na 2023, ta umarce su su mayar wa mutane ta hanyar rage musu bil, ta kuma zaftare musu naira biliyan 10.5 a matsayin hukunci. Wani haƙƙin da ba a cika sani ba: in ka ƙalubalanci bil a rubuce, kana da damar ci gaba da biyan daidai da na ƙarshe da ba ka yi jayayya a kansa ba, har a gama bincike.

Amma ko an bi iyakar sau da ƙafa, marar mita ba shi da hanyar tsimi. Ya kashe fitilu, ya hana yara guga, ya yi tafiyar mako biyu, bil ɗin nan dai zai zo yadda aka saba. Wannan ne ya sa za ka ga ƙwan waje yana ci da tsakar rana a unguwannin ƙiyasi, don ba wanda zai amfana da kashe shi. A ganina duk gidan da ke son ya riƙe kuɗin wutarsa, mita ce farkon magana, sauran duk bayanta suke.

Samar da mita nauyin kamfani ne. Da aka ga jira ya yi yawa, sai aka fito da tsarin MAP a 2018, aka sabunta shi a 2021: ka biya kuɗin mita ta hannun kamfanonin da aka amince da su, a sa maka cikin kwanakin aiki 10, sannan a riƙa mayar maka da kuɗinka sannu a hankali ta hanyar ƙarin yunit. Ka ajiye rasit, ka kuma riƙa duba ko mayarwar tana shigowa. A asusun da aka tanada ake biya, ba a hannun wani mai tsani da ya ce zai gaggauta maka ba. In akwai tsohon bashi a kan gidan, za ka ga ana yankar wani kaso duk lokacin da ka sayi kati, shi ne dalilin da wasu ke cewa mitarsu na shan wuta alhali bashi ne ke ci. Mai shiga sabon gidan haya ya binciki wannan kafin ya sauke kaya, domin matsayin hukumar shi ne bashi na wanda ya sha wutar ne, amma raba kanka da shi bayan ka tare aiki ne.

Haka batun taransifoma. In ta ƙone, mai unguwa ya tara mutane, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo. Mun saba har mun ɗauka haka doka ta ce. Ba haka ta ce ba: taransifoma da turaku da wayoyi kayan kamfani ne, gyaransu da sauya su a wuyansa suke. In jama'a sun gaji da jira sun ga gara su yi da kansu, akwai tanadin a rubuta yarjejeniya da kamfanin tun kafin a kashe ko kwabo, yadda za a mayar musu. Karo-karon da aka yi ba takarda, kyauta aka yi wa kamfani.

Yanzu ga wanda ya sami mita, me ake nufi da yunit? Na'ura mai ƙarfin wat 1,000 in ta yi awa ɗaya tana aiki, ta ci yunit ɗaya. Ƙarfin kowace na'ura yana rubuce a jikinta ko a gindinta. Da wannan kaɗai mutum zai gane inda kuɗinsa ke zurarewa, kuma sau da yawa ba inda ake ta faɗa a kai ba ne. Maigida zai shigo yana sababi an bar cajar waya a soket, alhali cajar ba ta cin abin a zo a gani, ga hitar ruwa can a bokiti tana tafasa tun ɗazu an manta da ita. Duk abin da ke haifar da zafi ko sanyi shi ne mai cin kati: dutsen guga da hita da rishon lantarki kowanne yana tsakanin wat 1,000 zuwa 1,500 ko fiye. A rukunin A, awa ɗaya ta hita mai wat 1,000 ta kai kusan N225. Na'urar sanyaya ɗaki ƙarama in ta kwana tana aiki awa takwas za ta iya cin yunit shida ko fiye, wato katin dubu 10 ba zai kai mako guda da kwana ɗaya ba ko da ita kaɗai ce a gidan. Fankar sama mai wat 75 kuwa, awa goma ba ta cika yunit ɗaya ba.

Ƙwan fitila ƙarami ne amma yana da naci. Tsohon ƙwai mai wat 60, in yana ci awa shida kullum, a wata ya sha kusan yunit 11, kimanin N2,400 a farashin A. Na LED mai wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya bai kai na N400 ba. Gida mai ƙwai biyar ya tsira da kusan dubu 10 a wata, kuɗin sayen sababbin ya fita tun a watan farko. Firiza ba a kashe ta, amma robar bakin ƙofarta in ta saki, injin ba ya hutawa. A gwada da takarda: a rufe ƙofar a kanta, in ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta gama aiki. Guga kuma a tara a yi lokaci ɗaya, ya fi a riƙa ɗumama dutse kowace safiya saboda riga ɗaya.

Akwai masu ba da shawarar gajeriyar hanya, a zagaye mita a ɗora esi da hita a kan waya ta daban. Tun farkon 2025 tarar wannan ta koma N100,000 a karon farko ga mai ƙaramar mita (single-phase), N150,000 in ya sake, mai babbar mita (three-phase) kuma N200,000 da N300,000. Ban da wannan za a lissafa masa wutar da ya sha a ɓoye, dokar 2023 kuma ta tanadi gurfanarwa a kotu har da ɗauri.

Inda lissafin yunit ya fi amfani shi ne gidan haya mai mita ɗaya da ɗakuna takwas. A al'ada kan ɗaki ake rabawa, sai gwauron da ke da fanka da ƙwai ɗaya ya biya daidai da mai firizar sayar da ƙanƙara, kati ya ƙare ranar 12 ga wata, a fara kallon juna a tsakar gida. Mafita mafi tsafta ita ce kowa ya nemi tasa mitar daga kamfani. In hakan bai samu ba, ana sayar da ƙananan mitoci na cikin gida da mai gyaran wuta zai sa wa kowane ɗaki. Kamfani ba ya lissafi da su, amma suna nuna wa 'yan gida abin da kowa ya sha. In wannan ma ya yi tsada, a zauna da biro da takarda, a rubuta na'urorin kowane ɗaki da ƙarfinsu da awoyin da suke aiki, a raba kuɗin kati a kan haka.