Tashar jirgin ƙasa ta Bauchi da manyan titunan garin

Tashar jirgin ƙasa ta Bauchi, wadda mutanen gari suka fi kira da Reluwe kawai, tasha ce da ke kan layin dogon gabas, wato wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafancan, ya rabu a Kuru kusa da Jos sannan ya miƙe Bauchi da Gombe har Maiduguri. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ce ke da ita. Layin ƙarami ne, irin na da mai faɗin milimita 1,067, ba irin sabon nan na Abuja zuwa Kaduna ba. Yau in ka ce Reluwe a Bauchi yawancin matasa unguwa za su ɗauka kake nufi, don da yawansu ba su taɓa ganin jirgin fasinja ya tsaya a wurin ba, harkar sufuri duk ta koma kan kwalta, shi ya sa maganar tashar ba ta rabuwa da maganar faɗaɗa tituna.

Tarihi

Abin da ke rikita mutane da yawa shi ne akwai wani tsohon layi da Turawa suka sa wa sunan Bauchi, ƙaramin jirgin nan da ke tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka kammala wajajen 1914 don kwasar kuza. Wannan layin bai taɓa shigowa garin Bauchi ba ko sau ɗaya, sunan ya samo asali ne daga yadda a lokacin tsaunukan Jos ke ƙarƙashin lardin Bauchi. An rufe shi a 1957. To kafin ƙarshen shekarun 1950 duk gyaɗa da auduga da fatun da aka tara a ƙasar Bauchi da Gombe da Borno sai dai a ɗora su a manyan motoci a kai Jos ko Kano ko Nguru inda jirgi yake, hanyoyin kuma galibi na burji ne, da damina mota kan kwana a hanya.

Aikin layin Borno, wato na Kuru zuwa Maiduguri da ya ratsa Bauchi, ya fara ne a 1958, shekarar da Bankin Duniya ya ba Najeriya rancen dala miliyan 28 don harkar jirgin ƙasa, kuma shi ne rancen farko da ƙasar ta karɓa daga bankin. A lokacin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne firayim minista, kafin nan kuma ya riƙe ma'aikatar sufuri, don haka mutanen Bauchi har gobe suna haɗa zuwan jirgi da sunansa, kuma suna da gaskiya a wannan. Mafi yawan bayanai sun nuna dogo ya iso Bauchi a 1961, ya kai Gombe wajajen 1963, sannan Maiduguri a 1964, tsawonsa daga Kuru ya haura kilomita 600. Shi ne babban layi na ƙarshe da aka shimfiɗa a ƙasar nan kafin a yi shekaru da yawa ba a ƙara wani na fasinja ba.

Tun wancan lokacin ma an yi gardama ko kuɗin da an zuba su a titi da sun fi amfani. Gwamnati ta zaɓi dogo.

Jirgin bai daɗe yana cin moriyar zamaninsa ba. Shekara uku da isarsa Maiduguri yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, hanyar Fatakwal ta toshe, dole kaya su juya ta Kafancan da Kaduna su yi Legas, tafiya mai nisa. Bayan yaƙi kuma sai fari da cutar gyaɗa na tsakiyar shekarun 1970 suka durƙusar da noman da aka yi layin dominsa, kuɗin fetur ya shigo aka dinga zuba kwalta ko'ina, 'yan kasuwa suka ga tirela ta fi sauri kuma tana kai kaya har ƙofar shago. Duk da haka dattawa na ba da labarin yadda tashar ke cika in jirgi ya iso, masu tuwo da masu shayi da 'yan dako, fataken shanu na loda dabbobi a taragu zuwa kudu, ɗalibai da sojoji da ma'aikata na hawa da kuɗi kaɗan. Ma'aikatan reluwe da yawansu daga kudu suka zo aka ba su kwatas a gefen tasha, daga nan unguwar ta samu sunanta da kuma cakuɗuwar ƙabilun da ake gani a cikinta. Kamfanin siminti na Ashaka da ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1970 kusa da Bajoga shi ma ya dogara da wannan layin na wani lokaci.

Ƙoƙarin gyara

An sha gwadawa. An kawo ƙwararru daga Indiya su riƙe hukumar daga 1979 zuwa farkon shekarun 1980, zamanin Abaca an ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara a 1995, zamanin Jonathan ma an raba layin gabas kashi kashi aka ba 'yan kwangila, sai dai ɓangaren da ya wuce Gombe ya gamu da rikicin Boko Haram. A watan Maris na 2021 shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin sake gina layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443, amma ɓangaren da ya fara aiki a 2024 shi ne na Fatakwal zuwa Aba, kimanin kilomita 62. Wasu daga arewa maso gabas sun koka kan me ya sa za a bar su da ƙaramin layi alhali wasu yankunan an yi musu babba. Satar ƙarafan dogo da gine-gine a kan filin hukumar na cikin matsalolin da ake yawan ambata a tsawon layin.

Titunan gari

Bauchi gari ne mai ganuwa, tun zamanin Malam Yakubu da ya kafa shi a farkon ƙarni na 19 hanyoyin cikin gari ƙofofi suke bi, Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Wambai da sauransu, ba a yi su don mota ba balle tirela. Da garin ya zama hedikwatar jiha a 1976 sai ya fantsama waje, ta Yalwa da Gwallameji a hanyar Dass, ta Fadamar Mada, ta hanyar Jos, kuma duk manyan hanyoyin Jos da Kano ta Ningi da Maiduguri ta Darazo da Gombe ta Alƙaleri a cikin garin suke haɗuwa, to ka ga duk simintin da taki da man da a da jirgi zai iya ɗauka yanzu ta shataletalen gari yake ratsawa tare da keke napep da masu tura baro da 'yan makaranta.

Gwamnatoci daban-daban sun mayar da wasu titunan tagwaye. Gwamnatin Bala Mohammed da ta hau a 2019 ta ba wannan ɓangaren ƙarfi sosai, ta faɗaɗa hanyoyin shigowa gari, ta kuma ɗauko aikin gadar sama a Wunti da kuma wajen babbar kasuwa ta Santara, wuraren da cunkoso ya fi ƙamari musamman da yamma da kuma gab da salla. Filin jirgin sama da ke Durum a hanyar Ningi shi ma ya ƙara wa wannan hanyar muhimmanci.

Yadda ake faɗaɗawar kusan iri ɗaya ne, a zo a auna a shafa jan fenti a bangon gidaje da shagunan da aiki zai ci, a yi kiyasin diyya, a rushe, a matsar da turakun wuta da bututun ruwa, sannan a haƙa magudanar ruwa da kwalbati kafin a zo kan kwalta da fitilun titi. Magudanar nan ita ce ta fi komai muhimmanci a Bauchi don ruwan da ke gangarowa daga duwatsun gari in bai samu hanya ba shi ke cinye titi cikin damina biyu uku. Wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan tebur da mai haya a shago, don diyya mai gini ake ba, shi kuwa mai sayar da kayan miya ko caji a bakin titi sai dai ya kwashe ya nemi wani wuri, kwastomominsa kuma ba lallai su bi shi ba. Batun yawan diyya da lokacin biyanta ana yawan saɓani a kai tsakanin hukuma da mazauna.

Halin da ake ciki

Babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga a kai a kai a tashar, kuma garin bai da jirgin cikin gari na masu zuwa aiki. Masu tafiya Jos ko Gombe motocin Yankari Express da na tashoshin ƙungiyar direbobi suke hawa.