Mene ne wasan dandamali a allon sinima?

Duk wanda ya duba jadawalin gidan sinima a Ingila ko Jamus ko Amurka zai ga, a tsakanin sababbin finafinan mako, wasu abubuwa da ba finafinai ba ne: wasan kwaikwayo daga Landan ranar Alhamis da dare, wasan waƙa na opera daga New York ranar Asabar, jefi-jefi kuma zagayen baje kolin zane-zane. Masu harkar suna kiran su duka da suna ɗaya, "event cinema". Ma'anarsa ita ce a ɗauko wani wasa ko taro da ake yi a wani wuri, a haska shi a allon sinima a rana da lokacin da aka tsayar, sau ɗaya ko sau biyu kacal. Fim yakan yi makonni ana nuna shi safe da yamma. Wannan kuwa, wanda ya rasa daren sai dai ya jira maimaici.

Bahaushe ya riga ya san tsarin, ko da bai san sunan ba. Gidan kallon ƙwallo ke nan: ana buga wasa a Madrid, tauraron ɗan'adam ya kawo shi unguwa, kowa ya biya kuɗin shiga, a yi ihu tare. Abin da ya bambanta shi ne a nan 'yan wasan kwaikwayo ne a kan dandamali, allon kuma na sinima ne.

Dabarar ta daɗe. A 1974, lokacin damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa, an shiga fage da ƙarfe huɗu na asuba don ya dace da daren Amurka, inda jama'a suka cika ɗakunan kallo suna gani kai tsaye. Amma ba ta zama harkar kowane wata ba sai da gidajen sinima suka fara barin faifan fim mai naɗi, suna komawa majigin dijital. Tsohon majigi ba ya nuna komai sai abin da aka kawo masa a gwangwani. Sabon kuwa yana karɓar hoto daga tauraron ɗan'adam. Gidan Metropolitan Opera na New York ya fara haska wasanninsa a sinima ranar 30 ga Disamba 2006, a ƙarƙashin shugabansa Peter Gelb. National Theatre na Landan ya bi sahu ranar 25 ga Yuni 2009 da wasan Phèdre, wanda Helen Mirren ta ja. A Janairun 2011 suka haska Fela!, wasan da aka gina a kan rayuwar Fela Kuti, daga dandamalinsu na Landan zuwa gidajen sinima a ƙasashe da dama.

Yadda ake ɗaukar wasan shi ne inda aikin yake. Ba kyamara ɗaya ake kafawa a bayan ɗaki a bar ta ba. Kyamarori da yawa ake girkewa, har a cire wasu kujeru don a ba su wuri mai kyau, kuma 'yan kallon da suka zo a daren sun san cewa yau kyamara ce babbar baƙuwa. Kafin ranar ana yin gwaji da masu ɗauka, a tsara wace kyamara za ta kama wace magana. Ana ɓoye wa 'yan wasa ƙananan makirufo a gashi ko a sutura. Kwalliyar fuska ma sai an sake duba ta, domin abin da aka shafa don mutumin layin ƙarshe ya hango, in kyamara ta matso sai ya zama dambara. A wata mota a waje akwai darakta na biyu, yana kallon dukkan hotunan, yana zaɓar wanda za a tura a wannan daƙiƙar. Babu "a sake". In ɗan wasa ya yi tuntuɓe ko magana ta ɓace masa, duniya ta gani.

Wannan daraktan na mota shi ya sa nake ganin kuskure ne a ce wa mutum ya "je gidan wasa" alhali yana sinima. Mai zama a gaban dandamali shi ke da ikon idonsa. Yana iya barin jarumin da ke magana ya kalli baran da ke tsaye a gefe yana haɗiye dariya, kuma sau da yawa a nan daɗin yake. A sinima an riga an zaɓar maka. A madadin haka kana samun abin da ko mai kujerar gaba bai samu ba: gumin goshi, rawar leɓe, ƙiftawar ido. Fim kuma ba a ce masa fim ba, tunda 'yan wasan suna ɗaga murya don ɗaki mai cin ɗaruruwan mutane ne, ana jin tarin 'yan kallo da tafinsu, har hutun rabin lokaci ana yi, a cike shi da hira da masu wasan. Abu ne na uku, mai nasa ɗanɗano. Wai har tafi akan yi a sinimar in an gama, ga mutanen da ba za su ji ba.

Akwai abin lura wajen sayen tikiti. In an rubuta "live", wani lokaci ana yin wasan ne a wannan lokacin, wani lokaci kuma ɗauka ce da aka riga aka yi a gaban 'yan kallo. In an rubuta "encore", maimaici ne na daren da aka ɗauka, wataƙila shekaru da suka wuce. Frankenstein na 2011, wanda Benedict Cumberbatch da Jonny Lee Miller suka riƙa musayar matsayi a cikinsa, an sha dawo da shi. Kuɗin yakan fi na fim, amma bai kama ƙafar kuɗin kujera a Landan ba, balle kuɗin jirgi. Ƙananan ƙungiyoyin wasa na garuruwa sun daɗe suna ƙorafin cewa wannan arhar na iya janye musu 'yan kallo, kuma ƙorafin ba na banza ba ne.

Finafinan baje kolin zane su ne suka fi nisa da ainihin ma'anar. A Nuwamban 2011 mai shirya fim Phil Grabsky ya haska buɗe baje kolin Leonardo da Vinci kai tsaye daga National Gallery na Landan. Daga nan jerin Exhibition on Screen ya samo asali, sai dai yanzu finafinai ne da aka ɗauka aka tace, da bayanin masana da tarihin mai zanen. Amfaninsu ya fito fili a 2023, da gidan Rijksmuseum na Amsterdam ya tara zane 28 na Johannes Vermeer, cikin ƙasa da 40 da aka san ya bari. Tikiti ya ƙare cikin 'yan kwanaki, wasu zanukan kuma aro ne da za a mayar wa masu su, don haka ga mafi yawan mutane fim ɗin ne kaɗai hanyar ganin su a haɗe. Kyamara tana shiga har inda mai gadi ba zai bar ka ka kai hanci ba, ka ga sawun burushi da tsagewar fenti. Sai dai tana ɓata lissafin girma: zanensa na mai saƙar leshi, wanda aka aro daga gidan tarihin Louvre na Paris, tsawonsa bai kai santimita 25 ba, amma a allo ya fi ƙofar ɗaki.