Aikin Lauyan Laifukan Intanet a Najeriya

Lauyan laifukan intanet shi ne wanda ya ƙware a shari'o'in da kwamfuta, wayar hannu ko intanet suka shiga ciki, ko a matsayin makamin da aka yi ta'asa da shi, ko a matsayin abin da aka kai wa hari. Aikin ya haɗa da gurfanar da masu damfara da masu kutse, kare waɗanda ake tuhuma, bi wa wanda aka cuta kadin dukiyarsa, da ba kamfanoni shawara kan yadda za su tsare bayanan jama'a. A Najeriya ba wata sana'a ba ce mai rajistarta daban. Lauya ne kamar kowane lauya, sai dai ya ƙara wa iliminsa sanin yadda na'ura take adana bayani da yadda ake fito da shi.

Asalin fannin

Damfara ta girmi intanet a ƙasar nan. Lambar nan 419 da ta zama sunan 'yan damfara ta samo asali ne daga sashe na 419 na kundin laifuka da ake aiki da shi a jihohin kudu, wanda ya tanadi hukuncin karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. A shekarun 1980 da 1990 da wasiƙa da faks ake yin ta. Da shagunan shiga intanet suka yawaita, sai sana'ar ta koma imel, daga nan ne kuma sunan 'yan yahu ya fito.

Hukumar EFCC ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu, a 2006 kuma aka yi dokar da ta keɓanta da damfarar "kawo kaɗan ka samu da yawa". Amma duk da haka akwai giɓi. Wanda ya kutsa cikin kwamfutar wani ya kwashi bayanai bai ɗauki wani abu da hannu ba, mai kayan ma bai rasa nasa ba, don haka ɗora masa laifin sata bisa tsohuwar doka yana da wuya.

Dokar 2015 da gyaranta

Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana laifukan intanet a watan Mayun 2015, ana saura kwanaki ya bar mulki. Dokar ta lissafa laifuka irin su shiga na'urar wani ba izini, satse saƙonni a hanya, yin sojan gona da sunan wani, damfara da katin banki, yaɗa hotunan batsa na yara, da kai hari kan muhimman na'urorin ƙasa. Ta ba ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro alhakin haɗa kan hukumomi, ta kuma ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sauraron shari'o'in.

Sashen da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne na 24. A rubutunsa na farko, duk wanda ya aika saƙon da ke cin zarafi ƙwarai, ko saƙon ƙarya don ya ɓata wa wani rai ko ya dame shi, yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara uku, ko tarar da ta kai naira miliyan 7, ko duka biyun. Kalmomin sun yi faɗi har ba a san inda suka tsaya ba, masu iko kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba wajen amfani da su kan 'yan jarida da masu suka a Facebook. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci sau biyu, a 2020 da 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran da ya taƙaita shi ga saƙon batsa, da saƙon ƙarya da aka aika don tada zaune tsaye ko jefa rai cikin haɗari. Kame bai tsaya ba bayan gyaran. Shi ya sa mai shiga wannan fanni da zaton 'yan damfara kaɗai zai riƙa bi, zai tarar wani babban ɓangare na aikin neman belin wanda aka tsare kan rubutu ne.

Gyaran ya kuma rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana 7 zuwa awa 72, ya mayar da harajin da dokar ta sa kan hada-hadar kuɗi ta na'ura kashi 0.5 cikin ɗari. Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su fara cirewa a Mayun 2024, jama'a suka yi ca, aka dakatar.

Hujja

Nan ne gizo ke saƙa. Haddace sassan doka ba ya cin shari'ar intanet; abin da ke cin ta shi ne ko kotu ta karɓi hujjar da aka kawo ko ta yi watsi da ita.

Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 shi ne ƙofar da duk wani bayani da ya fito daga na'ura yake bi. Mai gabatar da shi sai ya nuna cewa na'urar tana cikin aiki na yau da kullum a lokacin, ana zuba mata irin wannan bayani a kai a kai, kuma lafiyarta ƙalau, ko in ta sami matsala matsalar ba ta taɓa bayanin ba. Ana tabbatar da wannan da takardar shaida mai ɗauke da sa hannun wanda ke da alhakin kula da na'urar, wadda ta fayyace takardar da yadda aka fitar da ita. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da shafukan da aka bugo daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan nan ba. Shari'ar zaɓe ce, amma ita ake jawowa har a shari'ar damfara.

A ɗauki misalin da ya zama ruwan dare. Wani ya kira ɗan kasuwa ya ce daga banki yake, wai za a rufe masa asusu in bai sabunta BVN ba. Ɗan kasuwa ya karanto masa lambar sirrin da ta shigo wayarsa. Kafin ya ajiye waya kuɗin sun fita, an rarraba su zuwa asusu uku ko huɗu, wasu ma an cire su tsaba a wurin mai POS. Abin da lauya zai fara yi shi ne sanar da banki a rubuce da neman a dakatar da asusun da kuɗin suka faɗa, sannan a samo umarnin kotu da zai ɗaure dakatarwar. Sai neman bayanan kira daga kamfanin waya ta hannun masu bincike, da bayanan wanda ya buɗe kowane asusu. Sau da yawa mai sunan da ke kan asusun ba shi ne ɓarawon ba, wani ne da aka ba 'yan kuɗi ya ba da aron sunansa. Hoton allon waya da wanda aka cuta ya ɗauka yana da amfani, amma shi kaɗai ba ya kai ƙara ko'ina.

In an kama waya ko kwamfuta, ƙa'ida ita ce a kwafe duk abin da ke cikinta, a fitar da lambar lissafi da ke canjawa da zarar an taɓa ko harafi ɗaya, a yi bincike a kan kwafin. Dole kuma a rubuta hannun da na'urar ta bi tun daga ranar kamu har zuwa gaban alƙali. Lauyan da ke kare wanda ake tuhuma nan yake fara leƙawa: wa ya buɗe wayar, yaushe, da izinin wa.

Hanyar shiga

Ana farawa da digirin shari'a na shekara biyar a jami'a, sannan Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari a Abuja, tana kuma da rassa ciki har da na Bagauda a jihar Kano da na Yola. Bayan an rantsar da mutum an sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli ne ƙwarewa take farawa, ta hanyar digiri na biyu, kwasa-kwasan binciken na'ura, ko zama ƙarƙashin wanda ya riga shi. Ba sai ya iya rubuta manhaja ba. Amma lauyan da bai san yadda ake gano adireshin na'ura a intanet ba, ko dalilin da ya sa adireshin bai isa ya nuna mutum ba, ba zai iya yi wa ƙwararren shaida tambayoyin ƙure ba.

Masu son ɓangaren gwamnati suna nufar EFCC, ko Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda da ke Abuja. Kasuwa mafi faɗi kuwa ba a kotu take ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanan jama'a su naɗa jami'in kula da su, ta kuma sa tarar da za ta iya kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Bankuna, kamfanonin waya da manhajojin ba da rance duk suna neman mai wannan sani.

Ƙetare iyaka

Mai laifi yana Legas, wanda aka cuta yana Amurka, bayanan kuma suna kan na'urar kamfani a wata ƙasa ta uku. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, a Dubai aka kama shi a 2020, wata kotu a Amurka kuma ta ɗaure shi shekara 11 da 'yan watanni a 2022. A Disamban 2024 EFCC ta kama mutum 792 a samame ɗaya a Legas, cikinsu har da 'yan China 148. Irin waɗannan shari'o'i suna buƙatar lauyan da ya san ƙa'idar miƙa wanda ake tuhuma da ta neman hujja daga wata ƙasa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan yaƙi da laifukan intanet a shekarar 2022, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya amince da tasa yarjejeniyar a Disamban 2024.

Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2019. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, sai gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta maido da shi a Yunin 2024. Lauyan da ke Katsina wanda shari'arsa ta taɓa Maraɗi zai tarar da tsarin shari'a irin na Faransa, da takardun da sai an fassara su kafin a shigar.